NAZARI: An iya kunna "rana" a doron ƙasa, saura ƙarfen da zai riƙe ta

A watanni shida na farkon shekarar 2025, labaran makamashin haɗa ƙwayoyin zarra sun riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu, na'urar EAST da ke birnin Hefei na ƙasar Sin ta riƙe iskar nan mai tsananin zafi da ake kira filasma har tsawon daƙiƙa 1,066. Ba a yi wata guda ba, na'urar WEST da ke kudancin Faransa ta kai daƙiƙa 1,337, wato sama da minti 22. A ƙarshen watan Yuni kuma, kamfanin Google ya ƙulla yarjejeniyar sayen megawat 200 daga wata tasha da kamfanin Commonwealth Fusion Systems ke shirin ginawa a jihar Bajiniya ta Amurka, wadda aka ce za ta fara ba da wuta a farkon shekarun 2030.

Wanda ya tsaya ga kanun labarai zai ɗauka an kusa kai gaci, amma da sauran rina a kaba. Na'urorin Sin da Faransa sun yi bajintarsu ne ba tare da cikakken man da tashar gaske za ta ƙona ba, saboda haka bangonsu bai sha dukan da bangon tashar gaske zai sha ba. Har zuwa yau babu wani ƙarfe da aka taɓa jarrabawa na tsawon shekaru a cikin irin wannan yanayi. Ranar da wannan makamashi zai shiga wayoyin lantarki, da farashin da za a sayar da shi, sun rataya ne a kan wani abu da ido ba ya gani, wato yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin ƙarfen bangon.

Fasawa daban, haɗawa daban

Tashoshin nukiliyar da duniya ke amfani da su yanzu, irin waɗanda suka daɗe suna ƙona yuraniyom ɗin Arlit ta Jamhuriyar Nijar, suna samun zafi ne ta hanyar fasa zarra mai nauyi gida biyu. Sabuwar hanyar kuwa kwaikwayon rana ce: a ɗauki zarra biyu marasa nauyi a matse su har su zama ɗaya. Man da aka fi sa rai a kansa shi ne nau'i biyu na haidurojin, diyuteriyom da ake tacewa daga ruwa, da tiritiyom da tashar za ta riƙa samar wa kanta daga ma'adinin litiyom. Kafin su haɗe sai an zafafa su zuwa kimanin digiri miliyan 150, kuma maganaɗisu ne ke riƙe filasmar a tsakiyar tukunya don kada ta taɓa bango.

Duk lokacin da zarra biyun suka haɗe, ana samun ƙwayar hiliyom ɗaya da wata ƙwaya mai suna niyutiron. Maganaɗisu ba ya iya riƙe niyutiron domin ba ta ɗauke da cajin lantarki. Ita ce ke kwashe kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da aka samar, ta faɗa cikin bango da shi. Hakan ake so, domin zafin da take bari a bango shi za a mayar lantarki. Matsalar ita ce ƙarfinta ya kai kusan ninki bakwai na matsakaicin ƙarfin niyutiron da ke fita daga fasa yuraniyom, kuma kafin ta tsaya sai ta yi ɓarna.

Na'urar JET ta Birtaniya ta ƙona wannan mai na gaske, ta kuma kafa tarihi a 2023 da megajul 69, amma cikin daƙiƙa biyar kacal. Tashar kasuwanci kuwa dole ta yi watanni tana ci ba dare ba rana.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Idan aka yanka ƙarfe aka goge shi aka duba da madubin ƙara girman abu, za a ga ba dunƙule guda ba ne. Tarin ƙananan tsaba ne manne da juna, kuma a cikin kowace tsaba ƙwayoyin zarra suna jere layi-layi. Abin ya yi kama da gonaki da aka hango daga sama: kowace gona kunyoyinta sun fuskanci wani ɓangare, inda gona ta haɗu da maƙwabciyarta kuma akwai iyaka. Girman tsabar, da yawan iyakokin, da karkacewar layuka, da ɗigo-ɗigon wasu sinadarai da suka maƙale a ciki, su ne a dunƙule ake kira saƙar cikin ƙarfe. Maƙeri ya daɗe da sanin tasirin wannan saƙa ko da bai taɓa ganinta ba. Idan ya gasa ƙarfe ya tsoma a ruwa sai ya yi tauri, idan ya bar shi ya huce a hankali sai ya yi laushi, alhali ƙarfen ɗaya ne.

Idan niyutiron mai irin wannan ƙarfi ta bugi zarra ɗaya, sai ta tumɓuke ta daga mazauninta. Ita ma wadda aka tumɓuke ta bugi wasu, su ma su bugi wasu, har ɗaruruwa zuwa dubbai su bar layinsu cikin wani ɗan lokaci da ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Galibinsu suna komawa wani gurbi nan take. Waɗanda ba su koma ba sukan bar lahani iri biyu: gurbin da babu kowa a cikinsa, da zarrar da ta cusa kanta tsakanin layuka inda babu wurinta.

Masana suna auna wannan duka da wani ma'auni da suke taƙaitawa da haruffan dpa, ma'ana sau nawa aka tumɓuke kowace zarra daga wurinta. Babbar tukunyar ƙarfe ta tashar nukiliya irin ta yau ba ta kai dpa ɗaya ba a duk tsawon rayuwarta. Bangon tashar haɗa zarra kuwa zai iya shan wajen dpa 10 ko fiye a kowace shekara ta cikakken aiki. Wato kowace zarra a cikinsa za a tashe ta daga mazauninta sau goma a shekara, kuma ana so bangon ya ci gaba da riƙe ruwan sanyaya da nauyin kansa ba tare da ya tsage ba.

Lahanin da ya saura ba ya zama wuri ɗaya. Guraben suna yawo su haɗu su zama ƙananan ramuka, sai ƙarfen ya kumbura. Zarra masu cushe kuma suna taruwa su tokare layuka, sai ƙarfen ya yi tauri ya kuma yi gautsi, ya karye a inda a da lanƙwashewa zai yi. Akwai kuma illa ta uku wadda ta fi tsanani a tashar haɗa zarra: niyutiron mai ƙarfi tana sauya wasu zarra su zama wani sinadari daban, tare da haifar da iskar hiliyom a cikin ƙarfen, fiye da ninki goma na abin da irin wannan ƙarfe ke tarawa a galibin tashoshin yuraniyom. Hiliyom ba ya narkewa cikin ƙarfe. Yakan nemi gurbi ya zauna, ya zama kumfa, idan kumfar ta jeru a kan iyakokin tsaba sai tsabar ta rabu da juna. Ɗan hiliyom kaɗan ma ya isa ya sa walda ta ƙi kamawa idan aka zo gyara.

Darussa biyu daga tsoffin tashoshi

A 1967, masu bincike biyu a Birtaniya, Cawthorne da Fulton, sun ba da rahoton ganin ƙananan ramuka a cikin ƙarfen da ba ya tsatsa wanda aka ciro daga tukunyar nukiliya ta Dounreay a Sukotland. Masu tsara tashoshi ba su yi tsammanin ƙarfe zai kumbura ba, dole aka sake lissafi. Daga baya aka gano cewa irin wannan ƙarfe, idan kumburin ya kankama, yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin 100 a kowane dpa. Wani dangin baƙin ƙarfe kuma, wanda zarrarsa ke jere da wani tsari daban, ya fi jinkirin fara kumbura, kuma saurinsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne na wancan. Tsarin jerin zarra kaɗai ya kawo wannan tazara.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. An gina tukwanen tashoshi da dama na farko da wayar walda da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Jan ƙarfen da ya shiga waldar bai kai ko kashi ɗaya cikin 100 ba, amma bayan shekaru niyutiron ta sa ya taru ya zama ƙananan ɗigo da suka sa waldar gautsi. Tambayoyi kan gautsin tukunya suna cikin dalilan da suka sa aka rufe tashar Yankee Rowe ta Amurka a 1992. A duka lamuran biyu, sai da ƙarfen ya yi shekaru a bakin aiki sannan illar ta bayyana.

Yi wa lahani tarko

Tunda ba za a iya hana niyutiron bugun ƙarfe ba, dabarar da ta rage ita ce a saƙa ƙarfen ta yadda zai riƙa warkar da kansa. Iyakokin tsaba da gefen ƙananan ɗigo suna aiki kamar tarko: gurbi da zarra mai cushe suna faɗawa can, su haɗu, su shafe juna. Wani bincike da aka yi da kwamfuta a cibiyar Los Alamos ta Amurka, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna iyakar tsaba na iya haɗiye zarra masu cushe sannan ta sake furzo su su cike guraben da ke kusa. Idan tsabar ta yi ƙanana, iyakoki sun yi yawa ke nan, kuma lahani ba zai yi tafiya mai nisa ba kafin ya faɗa tarko.

A kan wannan fahimta aka gina ƙarafan da ake sa ran za su zama ƙashin bayan bangon. Turai tana da EUROFER97, mai kuromiyom kimanin kashi 9 cikin 100 da tangistin kimanin kashi 1. Japan tana da F82H, Sin kuma tana da CLAM. Dukkansu ana gasa su a sanyaya su ta hanyar da za ta cika cikinsu da siraran tsaba da ƙananan ɗigo. An kuma cire musu nikel da molibdenom da nayobiyom, domin waɗannan idan niyutiron ta buge su sukan daɗe suna fitar da tururin nukiliya. Burin shi ne bayan kamar shekara 100 a iya sake sarrafa tsohon bangon, maimakon a binne shi na dubban shekaru. Alƙawarin da ake yi cewa wannan makamashi ba ya barin shara mai daɗewa ya dogara ne ga tsabtar wannan ƙarfe.

Sai dai waɗannan ƙarafa suna da ƙunƙuntar iyaka. Ƙasa da digiri 350 niyutiron tana sa su gautsi, sama da digiri 550 kuma sukan fara saki suna miƙewa a hankali. Tazarar digiri 200 ke nan, alhali tashar lantarki ta fi riba idan tana aiki da zafi mai yawa.

Don faɗaɗa wannan iyaka aka ƙirƙiro wani nau'in da ake barbaɗa wa ƙananan ɗigon sinadarin itiriyom da iskar oksijin, kowane ɗigo faɗinsa 'yan nanomita, wato 'yan kaso cikin biliyan na mita. Ɗigon suna da yawan da zai sa hiliyom ya rarrabu ya zama kumfa ƙanana marasa lahani, maimakon ya taru a kan iyakoki. Cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta samar da ɗaya daga cikin fitattunsu mai suna 14YWT. Ba a nan gizo ke saƙar ba: ba a narka irin wannan ƙarfe a zuba kamar sauran, sai dai a niƙa shi gari a matse, kuma walda ta yau da kullum tana tarwatsa ɗigon da aka sha wahalar barbaɗawa. Abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji da 'yan kilo bai zama ɗaruruwan tan da tasha ɗaya ke buƙata ba tukuna. Su ma ƙarafa masu ƙananan tsaba suna da nasu ciwon, domin zafi da niyutiron kan sa tsabar ta haɗe ta girma, tarkon ya ragu.

Tangistin da siyasar ma'adinai

Fuskar bangon da ke kallon filasma tana buƙatar wani ƙarfe daban. A ƙasan tukunya akwai mazurarin da zafi da toka ke sauka, inda kowace murabba'in mita ke ɗaukar megawat 10, kimanin ninki dubu goma na zafin rana tsaka a kan ƙasa. Tangistin ne aka zaɓa, domin sai a digiri 3,422 yake narkewa, fiye da kowane ƙarfe.

Tangistin ma saƙarsa ce ke yanke hukunci. Idan aka murje shi aka miƙar da tsabarsa, yakan iya lanƙwashewa. Idan zafi ya haura kimanin digiri 1,200 ya daɗe, sai tsabar ta sake haihuwa manya-manya, ƙarfen ya koma mai gautsi. Niyutiron kuma tana mayar da wani ɓangarensa zuwa reniyom da osmiyom, waɗanda ke taruwa su ƙara masa gautsi su kuma rage saurin da yake wuce da zafi. Hiliyom ɗin filasma kan sa fuskarsa ta tsiro da wasu siraran zare kamar gashi. A Jamus, cibiyar Max Planck ta binciken filasma tana gwada saka zaren tangistin a cikin tangistin, kamar yadda ake sa rodi a kankare, don tsagewa ta tsaya idan ta fara.

A watan Yulin 2024, shugaban aikin ITER, Pietro Barabaschi, ya sanar da sabon jadawalin wannan babbar na'ura da Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu ke ginawa a Cadarache ta Faransa. An ɗage fara ƙona diyuteriyom da tiritiyom daga 2035 zuwa 2039, kuɗin ya ƙaru da yuro biliyan 5, an kuma sauya fuskar bangon daga beriliyom zuwa tangistin. Ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne tsagewar da aka gano a bututun sanyaya garkuwar zafi, tun niyutiron ɗaya ba ta taɓa su ba.

Kimanin kashi 80 cikin 100 na tangistin da ake haƙowa a duniya daga Sin yake fitowa, kuma a watan Fabrairun 2025 hukumomin Beijing suka sanya shi cikin ma'adinan da sai da lasisi ake fitar da su. Makamashin da ake tallatawa a matsayin wanda mansa ke cikin ruwan teku, bangonsa yana hannun ƙasa ɗaya.

Gwajin da ba a yi ba

Kusan duk abin da aka sani kan waɗannan ƙarafa an samo shi ne ta hanyar kwaikwayo. Ana sa samfur a tukwanen yuraniyom na bincike, irin su HFIR a Amurka da BOR-60 a Rasha, inda aka kai EUROFER97 zuwa wajen dpa 70. Amma niyutiron ɗinsu ba ta haifar da hiliyom mai yawa, saboda haka rabin labarin suke bayarwa. Ana kuma harbin samfur da ƙwayoyi masu caji, wanda ke yin ɓarnar shekaru cikin kwanaki, sai dai ba ya shiga ƙarfe fiye da 'yan kaso cikin dubu na milimita. Su kansu tukwanen bincike raguwa suke yi: Faransa ta rufe Osiris a 2015, Norway ta rufe Halden a 2018.

ITER ba za ta cike wannan giɓi ba, domin a duk rayuwarta bangonta ba zai wuce 'yan dpa kaɗan ba. Tashar gwaji ta DEMO da Turai ke tsarawa bayanta an yi mata lissafin bango na farko mai jure dpa 20, na biyu kuma 50.

Tun 1994 ƙasashe suka fara tsara wata cibiya da za ta samar da niyutiron mai kama da ta gaske. Sai yanzu ake gina ta, da sunan IFMIF-DONES, kusa da birnin Giranada na Sifaniya, bayan an gwada samfurin na'urar harbinta a Rokkasho ta Japan. Za ta riƙa harba diyuteriyom a kan labulen narkakken litiyom, kuma wurin da samfura za su sha duka mafi tsanani bai kai rabin lita ba. Kuɗin gininta kimanin yuro miliyan 700 ne, ɗan ƙaramin kaso na abin da ITER ta ci. Ana sa ran ta fara aiki wajen tsakiyar shekarun 2030, sannan samfur ya yi shekaru a ciki kafin a samu sakamako. Ma'ana, tashoshin da aka yi alƙawarin kunnawa a farkon shekarun 2030 za su riga sakamakon gwajin ƙarfensu zuwa.

Lissafin kuɗi

Kamfanoni masu zaman kansu sun san da wannan, kuma amsarsu ita ce a tsara tasha ta yadda za a riƙa cire bangon ana sa sabo. Tsarin tashar ARC ta Commonwealth Fusion Systems ya tanadi tukunyar ciki da za a iya ɗagewa a musanya. Dabara ce mai ma'ana, amma tana mayar da matsalar kimiyya zuwa matsalar kuɗi. Ɗan Adam ba zai iya shiga tukunyar da ta yi aiki ba, sai na'urorin mutum-mutumi, kuma duk ranar da tasha ke tsaye ba ta sayar da wuta alhali bashin gininta yana ci gaba da hauhawa. Bangon da zai yi shekara biyar da wanda zai yi shekara ɗaya, bambancinsu shi ne bambancin wuta mai araha da wutar da babu mai saye sai da tallafin gwamnati.

Gwamnatoci kuma sun riga sun zuba kuɗin jama'a. Birtaniya ta ware fam biliyan 2.5 a 2025, tana kuma shirin gina tashar STEP a West Burton zuwa 2040. Ita da Amurka sun yanke shawara cewa ba za a yi wa waɗannan tashoshi tsauraran dokoki irin na tashoshin yuraniyom ba, bisa hujjar cewa wutarsu mutuwa take yi da kanta idan wani abu ya lalace. Hujjar tana da tushe, amma ba ta amsa tambayar yawan tsoffin bangaye masu tururin nukiliya da za a riƙa cirewa ba, da wanda zai biya kuɗin ajiye su.

Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin ITER, alhali kimanin mutum miliyan 600 a nahiyar ba su da lantarki. Ga mai tsara manufofin makamashi a Abuja ko Yamai, jadawalin gwajin ƙarfe ya nuna cewa wannan fasaha ba ta cikin abin da zai haska gidaje a shekaru goma masu zuwa, kuma ba hujja ba ce ta jinkirta aikin hasken rana da iskar gas da gyaran layukan wuta. Alaƙar da ke akwai ta ma'adinai ce. Maganaɗisun ITER mafi ƙarfi an yi su ne da haɗin nayobiyom da kuza, ma'adinai biyu da tsaunukan Jos suka yi suna a kansu, har Najeriya ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit a shekarun 1950. Ribar ba ta tsaya wurin masu haƙa ba, ta tafi wurin waɗanda suka san yadda ake saƙa cikin ƙarfe.

Duk lokacin da aka sake sanar da wani sabon tarihi na filasma ko wata yarjejeniyar sayen wuta, akwai tambayoyi uku da suka cancanci a yi wa mai sanarwar: da wane ƙarfe za a yi bangon, zuwa dpa nawa aka gwada shi da niyutiron irin ta gaske, kuma bayan wata nawa za a tsayar da tasha a canza shi. Amsar ta biyu ba za ta samu ba sai an ciro samfuran farko daga cibiyar Giranada an yanka su an duba.